Hannun Injiniya

Litinin, da hantsi

Sun kira! Wallahi sun kira. Ina tsaka da shafa wa agwagi jan fenti a baki waya ta yi ƙara, na ɗauka da hannun fenti, yanzu haka kunnena ja wur yake. Matar nan ce mai gabatar da shirin masu ƙananan sana'o'i a talabijin, wadda nake ta aika wa saƙo tun bara tana yi min kunnen ƙashi. Ta ce suna so su zo shagonmu su ɗauke mu.

Bari in rubuta yadda aka yi, don wata rana jikoki su san kakarsu ba zama ta yi ba. Saƙo na aika har na gaji, da hotuna, da bayanin cewa muna yin kayan wasan yara na katako, motoci da jirage da agwagi masu taya. Shiru kake ji. Jaridu ma haka suka yi min. Sai na daina surutu, na ɗauki agwagwa ɗaya, irin wadda take rangaji in yaro ya ja ta da zare, na kai ofishinsu na damƙa wa sakatariya. Ashe agwagwar ta faɗa hannun ɗan matar, ya hana gidan sakat, har barci da ita yake yi.

Ta ce, “Amma Hajiya, mu ba kaya muke nunawa ba, labari muke nema. Mene ne labarinku?”

Ko numfashi ban ja ba na ce hannun maigidana. Shekara ashirin da ɗoriya yana sassaƙa, ba inji, ba zane a takarda, wuƙa ce kawai da ido. Na ce ku zo ku ɗauki hannun nan yana aiki, in mutum ɗaya ya canza tasha ku kama ni. Ta yi dariya, ta ce abin da take so ke nan, hannu, kuma a kusa sosai.

Na ruga bayan shago wajen Injiniyana, wanda ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa leƙawa ba. Ni na naɗa shi, shi kuma ya rama ya naɗa ni Manaja. Na same shi a kan kujerarsa, ya danne hannun dama a ƙarƙashin cinya. Na zazzage masa labarin kaf, har da muryar matar na kwaikwaya.

Ya ce, “Hannuna kika ce musu?”

Na ce to hannun wa zan ce, na tela maƙwabci? Ya yi murmushi ya ce Allah ya sa alheri.

Talata, bayan azahar

Kuskurena ɗaya, na gaya wa Yaya. Kafin in ajiye waya har ƙanwar mijinta ta kira daga wani gari tana min barka. Yaya ta ce dole in ci kwalliya, na ce Yaya, a shagon katako? Ta ce talabijin talabijin ce ko a bakin bola aka ɗauke ka. Za ta ara min labulen falonta da furanninta na roba.

Ni dai ƙafata ba ta taka ƙasa. In shirin nan ya fita, makarantun ƙananan yara za su gani, masu manyan kantuna za su gani, mu huta da yawon baje koli da kwalaye a ka, ana taya mana agwagwa kamar tumatir. Mu kama shagon kusa da ya daɗe a rufe, mu fasa bango. Har na hango inda zan sa teburina, da fanka a saman kaina.

Na yi ta gwada magana a gaban madubi, masu kallonmu barkanku da warhaka. Injiniya ya ce ai ba ni ce mai gabatarwa ba. Na ce a bar ni in more.

Laraba, da safe

Shayi ya zube masa a riga. Gajiya ce. Na ce ya rage aiki.

Alhamis, da yamma

Wuni guda ina gyaran shago, bayana kamar ba nawa ba. Na kwashe ɓarɓashin katako buhu-buhu, na kankare tabon fenti a ƙasa, na shafe bango da farin fenti, na rataya labulen Yaya. Motoci a layi, jirage a layi, agwagi sun jeru kamar za su gaida shugaban ƙasa. Tela ya leƙo ya ce ko biki za a yi, na ce ka dai sayi sabon batir na rimot.

A ƙarƙashin bencin Injiniya na ci karo da wani kwali, an lulluɓe shi da tsohuwar riga. Agwagi ne a ciki. Wata ba baki, wata wuya ya tafi, wata wuƙa ta zarce ta tsaga mata baya. A jikin ɗaya akwai tabo da ya bushe ya yi duhu, kuma ba fentina ba ne, na san kalolina.

Tunda na aure shi ban taɓa ganin ya ɓata katako biyu a jere ba.

Na mayar da kwalin, na rufe da rigar yadda na same shi. Katakon bana ne ba shi da kyau. Zan yi wa mai kawo mana magana.

Asabar, da rana

Yau na sha kunya, amma irin wadda ake dariya. Mai kyamara ya zo duba wuri, wani dogo mai tabarau. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon shagon kamar an yi masa rasuwa, ya ce, “Hajiya, ina shagon?” Na ce ga shi kana ciki. Ya ce wannan ai kantin magani ne. Shi ƙura yake so, da ɓarɓashi a ƙasa, da bango mai tabo, wai shi ne ke nuna ana aiki. Labulen Yaya kuwa cewa ya yi a taimaka masa a cire, yana cinye masa haske.

Allah ya taimake ni masu kwasar shara ba su zo ba. Haka na jawo buhunan nan daga bakin titi na zazzage su a tsakar shago, ina watsawa da ƙafa don kada ya yi kama da shiri. Tela ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Bangon ma sai da na ɗauki buroshi na yarfa masa ja da shuɗi. Aikin wuni guda!

Daga nan dogon ya ce Injiniya ya ɗan riƙe wuƙa, yana so ya gwada haske a kan hannu. Injiniya ya ce ya ba da wuƙaƙen a wasa masa, sai gobe. Shi da ko ni ba ya bari in taɓa dutsen washinsa.

An sa rana, Asabar mai zuwa. Na yi guɗa a cikin shago, tela ya ce in tausaya wa kwastomominsa.

Litinin, bayan la'asar

Mun je inda muka je. Layi ya yi tsawo, kujerun nan na ƙarfe masu sanyi. An sa shi ya miƙe hannuwa, ya taɓa hanci, ya rubuta sunansa, ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, kamar ɗan makaranta. Likitan ya yi magana mai tsawo. An ba da ƙwayoyi, an ce mu koma.

A hanya ya buɗe baki zai yi magana, na ce ka ga wancan kantin? Irin allonsu nake so mu yi, mai fitila a ciki. Ya kalli allon ya ce yana da kyau.

Shuɗiyar riga zan sa, na yanke shawara. Fara tana kama datti.

Laraba, da hantsi

Na kira mai gabatarwa. Na ce na yi wani tunani mai kyau: me zai hana a fi mayar da hankali a kan fenti? Kala ai ta fi jan ido a talabijin, ga ni kuma bakina ba ya ciwo. Hannun nan a ɗan nuna shi daga nesa ya isa.

Ta ce a'a. Editansu saboda hannun ya sa hannu a kan shirin, har sun yanka tallar da za su riƙa sakawa, wai hannun da ya shekara ashirin yana faranta wa yara rai. Maganata ce fa, ni na ba su. Ta ce in akwai matsala in faɗa mata tun yanzu, akwai wata mai yin sabulu da ke jiran layi.

Na ce matsala kuma? Wace irin matsala? Mu da muke ƙirga kwanaki.

Da na ajiye wayar na zauna a kan bokitin fenti. Mai sabulu! Shekara guda ina bin mutanen nan kamar mai neman aure, sai a ɗauka a ba mai sabulu? Ba zai yiwu ba. Tsoro nake ji, na rubuta, tsoro nake ji. Amma ba zai yiwu ba.

Alhamis, da yamma

Mun yi faɗa.

Dabara na kawo masa, kuma har yanzu ina ganin dabara ce mai kyau. Na ce mu fito da tsofaffin agwagin da ya sassaƙa bara ba a yi musu fenti ba, ya ɗauki ɗaya ya riƙa goga mata takarda mai kaushi, yana ɗan juya ta, yana hure ƙura. Wa zai sani? Talabijin ai duk haka ake yi, ni da na zuba shara da hannuna don ta yi kama da gaskiya. Na ce kuma a yi ɗaukar da safe, in ya sha maganin nan ya zauna masa.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Manaja, in mai sassaƙa suka zo gani, mai sassaƙa za su gani. Ban taɓa sayar wa yaro abin ƙarya ba, ba zan fara da iyayensu ba.”

Na ce to sannu waliyyi. Na ce ni ce nake yawo a rana, ni ce ake wa kallon banza a ofisoshi, shi yana zaune a inuwa da gaskiyarsa. Na ce in wuƙa ta zarce a gaban kyamara fa, duk gari na kallo, har da dangina da suka ce na auri mai wasan yara? Na faɗi wasu abubuwan ma da ba zan rubuta ba.

Ya jawo dutsen washi ya ɗiga masa mai. Ina jin ƙarar tana tsayawa, tana ci gaba, tana tsayawa.

Juma'a, da safe

Na goge shuɗiyar riga. Na goge tasa. Ba mu yi magana ba, amma ya cinye abin da na ajiye masa.

Asabar, bayan la'asar

An yi! An ɗauka! Wayyo ni, ta ina zan fara?

Mota guda suka zo, da fitilu masu ƙafa, da wayoyi kamar za a yi wa shagon tiyata. Layinmu ya cika, yara har kan katanga. Tela ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofarsa wai shan iska yake. Mai gabatarwa ta fi kyau a fili, kuma gajera ce, ban taɓa zato ba. Aka maƙala min ɗan makirufo a wuya, aka ce in yi magana yadda na saba. Na ce in na yi yadda na saba sai kasetinku ya ƙare. Na ba da labarin yadda muka fara da teburi ɗaya a zauren gida, na nuna yadda nake haɗa kala, na ja agwagwa a ƙasa tana rangaji mai kyamara yana bin ta a durƙushe. Sau ɗaya kawai na ce masu kallonmu, aka ce a sake.

Sai aka juya fitilu wajen benci. Injiniya ya zauna, ya jera wuƙaƙensa, ya ɗauko ɗanyen katako, ba tsohuwar agwagwa ba. Dogon ya matso da kyamara har tana neman taɓa masa yatsu.

Injiniya ya ɗago ya ce, “Manaja, bayin Allahn nan tun safe ko ruwan sanyi ba a ba su ba.”

Akwai ruwa a shago, ni na saya, yana bayan ƙofa. Ya sani, na sani. Na ɗauki jakata na fita. Na wuce kantin farko, na wuce na biyu, sai a na bakin babban titi na saya, na kuma tsaya ina taya mai kantin hirar tsadar kaya kamar ba ni da abin yi.

Da na dawo an kashe fitilu. Ga kan agwagwa a kan benci, an gama shi, baki da ido da komai. Mai kyamara yana goge tabarau da gefen riga. Mai gabatarwa ta rungume ni, ta daɗe ba ta sake ni ba, ta ce shirin zai yi kyau ƙwarai. Akwai sabon filasta a babban yatsan Injiniya.

Ban tambaya ba. An ɗauka, shi ne magana. Alhamis za a nuna, bayan labarai!

Litinin, da rana

An fara saka tallar. Na gan mu sau uku! Ni ce nake dariya da buroshi a hannu, kumatuna sun cika allon. Yaya ta ce na yi ƙiba, na ce talabijin ce take ƙara wa mutum.

Laraba, da safe

Yaya ta gayyato rabin dangi gidanmu kallo. Na ari kujeru wajen tela. Injiniya ya ce da mun kalla mu biyu. Na ce abin arziki a ɓoye? Ya ce to.

Juma'a, da sassafe

Jiya ban iya rubutu ba.

Falo ya cika har ƙofa, yara a ƙasa, Yaya ta kama kujerar tsakiya da rimot. Da fuskata ta fito aka sa ihu, ban ma ji me na ce ba. Aka nuna agwagwa tana rangaji, aka nuna sharar da na zuba, tela ya ce ga buhu na uku can. Ina ta dariya har da hawaye.

Sai hannun ya cika allo.

Rawa yake yi. A gida ina iya kallon wani wuri, a talabijin babu wani wurin. Wuƙa tana kaɗawa a iska, ya kai ta jikin katako, ta zame, ya janye, ya jira, ya sake kaiwa. Ba su sa kiɗan tausayi ba, ƙarar wuƙa ce kawai da numfashinsa. A hankali baki ya fito, ido ya fito. Falon nan ya yi tsit, har Yaya.

Mai gabatarwa ta tambaye shi ko yana so a tsaya. Ya ce a'a. Ya ce, yana kallon katakon, “Hannun nan ya fara sallama da ni. Likita ya ce ba zai koma yadda yake ba, sai dai a rage masa gudu. Da a yini ina yin goma, yanzu in na samu biyu masu kyau na gode Allah. Shi ya sa na ce gara ku ɗauka yanzu, yana iyawa.”

Ta ce to sana'ar fa?

Ya ce, “Akwai Manaja. Idonta ya fi nawa, haƙuri ne ba ta da shi. Zan koya mata in ta yarda ta zauna wuri ɗaya.”

Wani ya yi dariya a falon, ya kuma haɗiye ta. Ni ban san lokacin da na tashi ba. Na shiga kicin na buɗe famfo na tsaya.

Da kowa ya watse na same shi yana tattara kujeru da hannun hagu. Na ce duk duniya ka gaya wa kafin ni? Ni ce ta ƙarshe, ni da tela?

Ya ce, “Sau nawa na buɗe baki? Kullum sai ki nuna min allon kanti, ko ki ce in sha shayi in kwanta. Kyamarar nan ita ce ta farko da ta yi shiru na gama magana.”

Na yi kuka sosai, irin na majina. Ya bar ni na yi. Daga baya ya ce shuɗiyar rigar ta yi min kyau, amma gaskiyar Yaya ce, na yi ƙiba.

Mijina ba shi da lafiya, kuma ba zai warke ba. Ga shi na rubuta.

Asabar, da yamma

Waya ba ta huta ba tun jiya, har zafi take yi. Makarantu, kantuna, wata jarida da ta share ni bara yanzu ita ke neman alfarma. Duk abin da na roƙa ya zo, a rana ɗaya, ya tsaya a ƙofa. Ina ce wa kowa za a yi, amma sai an yi haƙuri, mu ba inji ba ne. Wasu sun ce za su jira. Na yi murna, ba zan yi ƙarya ba, har rawa na taka a bayan kantar shago tsakanin kira da kira.

Da hantsi Injiniya ya zaunar da ni a benci ya ba ni ƙaramar wuƙa. Abin da na sassaƙa ya fi kama da kwaɗo. Ya ce a bar shi, kwaɗo ma yara na so.

Bayan azahar wata mata ta kira, mai murya mai daɗi. Ta ce ta ga shirin, ta yi kuka. Ta ce tana son agwagwa, amma wadda shi ya sassaƙa da hannunsa, tana so ta samu tun kafin… sai ta yi shiru. Na ce mata za a duba.

Yau agwagwa ɗaya Injiniya ya gama, tun safe yake kanta. Ya ajiye min a teburin fenti kamar kullum. Na juya ta a hannuna, duk inda wuƙa ta bi ana gani, har inda ta ɗan zame a gefen wuya ya gyara. Ban buɗe fenti ba. Na buɗe jakata na saka ta a ciki na ja zif.

Ashe yana kallona. Ya ce, “Manaja, sata a kamfaninki?”

Na ce wannan an riga an saya.

Waya ta sake ƙara, na bar ta tana yi, na koma benci na ɗauki wuƙar.